Sauya wa Wayar Hannu Uwar Manhaja

Gabatarwa

Wayar hannu ta zamani, wadda wasu ke kira wayar komai-da-ruwanka, abu biyu ne a haɗe. Akwai gangar jiki, wato gilashi da batir da kyamara da sauran ƙananan ƙarafan da ido kan gani idan an kwance ta. Akwai kuma manhajar da ke zaune a cikinta, wadda ita ce take tashe ta idan an kunna, ta tsara abin da zai bayyana a fuskarta, ta haɗa kira, sannan ta ba ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook wurin zama. Wannan ta biyu ita ake nufi da uwar manhaja a cikin wannan bayani. Masu gyaran waya kan kira ta Rom, aikin ɗora ta kuwa su ce filashin.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata a fayyace tun da farko. Filashin da aka saba yi a kasuwannin waya, kamar kasuwar Farm Centre ta Kano, galibi mayar wa waya ne da manhajar da kamfaninta ya yi mata, bayan ta rikice ko ta maƙale a kan tambari ta ƙi buɗewa. Abin da za a yi bayani a nan ya wuce haka. Shi ne mutum ya cire manhajar kamfani ɗungurungum, ya ɗora wata da waɗansu mutane dabam suka tsara, wadda za a riƙa kira baƙuwar manhaja. Bayanin ya taƙaita ne ga wayoyi da kwamfutocin allo, wato tabulet, masu amfani da Android. Wayoyi da tabulet na kamfanin Apple ba sa karɓar wata uwar manhaja sai wadda kamfanin ya sa wa hannu, saboda haka ba su shigo cikin zancen ba.

Asalin Baƙuwar Manhaja

Abin da ya ba wannan aiki ƙofa shi ne yadda aka gina Android tun asali. An kafa kamfanin Android a Amurka a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai amfani da shi kuwa, HTC Dream, ta fito a 2008. An ɗora ginin Android ne a kan Linux, wata cibiyar manhaja da Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland, ya fara rubutawa a 1991. Lasisin Linux ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da ita ya bayyana rubutun asalin da aka haɗa ta da shi. Shi ma Google yakan saki rubutun babban ɓangaren Android kyauta. Wato ke nan kamar a ce an ba tela yadi da awo, ya rage nasa ya yi irin ɗinkin da ya ga dama.

Ba a daɗe ba masu sha'awar harkar suka fara ɗinkinsu. Wadda ta fi yin fice a farkon lamarin ita ce CyanogenMod, da ta bayyana a 2009. A cikin wannan shekara ne Google ya aika wa mai tsara ta takardar gargaɗi, cewa ya daina haɗa ta da manhajojin kamfanin irin su Gmail da YouTube da taswira, domin su ba sa cikin abin da aka saki kyauta. Wannan ne dalilin da ya sa har yanzu yawancin baƙin manhajoji suke zuwa ba tare da manhajojin Google ba, sai dai mai so ya ɗora su dabam. Kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ma da baƙuwar manhaja ya faro. Ya fitar da MIUI a 2010 domin wayoyin waɗansu kamfanoni, sai a 2011 ya ƙera wayarsa ta farko.

A ɓangaren tabulet, misalin da ake yawan tunawa shi ne na HP TouchPad. Ta shiga kasuwa a watan Yuli na 2011 da wata manhaja mai suna webOS, kafin ƙarshen watan Agusta kamfanin ya janye daga harkar, ya karyar da sauran kayan a kan farashin da ya faro daga dala 99. Masu CyanogenMod suka ɗora mata Android, na'urar da mai ita ya yar ta ci gaba da amfanar mutane shekaru bayan haka. Kamfanin da aka kafa a kan CyanogenMod ya rufe ayyukansa a watan Disamba na 2016, sai masu aikin sa-kai suka ɗebi rubutun suka ci gaba da shi da sunan LineageOS.

Me Ke Sa a Sauya?

Dalilai suna da yawa. Wani ya gaji da tallace-tallace da tarkacen manhajojin da kamfani ya cusa wa waya waɗanda ba sa goguwa. Wani ba ya son bayanansa su riƙa tafiya wurin Google. Wani kuwa ɗoki ne kawai. Amma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne tsufa, domin manhajar waya takan riga gangar jikinta tsufa. Kamfani yakan daina aiko da sabuntawa bayan 'yan shekaru, wani lokaci shekara biyu kacal ga waya mai araha, alhali gilashinta da kyamararta garau suke. Daga nan sababbin ƙananan manhajoji su fara ƙin hawa, kafofin da ɓarayin intanet ke bi kuma su zauna a buɗe ba mai toshewa. A 2015 an gano wata kafa mai suna Stagefright, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950, ta yadda saƙon hoto ko bidiyo kaɗai ya isa a kutsa cikin waya. Bayanta ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata, amma gyaran ba ya isa ga wayar da kamfaninta ya juya wa baya.

A nan ne baƙuwar manhaja take da rana. Alal misali, Galaxy S5 ta fito a 2014, Samsung ya tsaya da ita a kan Android 6, amma LineageOS ta kai ta har Android 11.

Zaɓe

Mafi yawan waɗanda suka lalata wayoyinsu ba wajen ɗorawa suka yi kuskure ba, tun wajen zaɓe suka yi shi. Hasali ma, ba mai waya ne yake fara zaɓe ba, wayar ce take fara iyakance masa abin da zai yiwu.

Abu na farko shi ne ƙofa. A cikin kowace waya akwai wata 'yar manhaja da ake kira butloda, wadda ita ce take fara farkawa idan an kunna waya. Aikinta kamar na mai gadi ne. Takan duba uwar manhajar da ke ciki, idan ta ga sa hannun kamfani ta bar ta ta tashi, idan ba ta gani ba ta hana. Muddin butloda tana kulle, babu baƙuwar manhajar da za ta shiga. Kamfanoni kuwa sun sha bamban a kan wannan. Wayoyin Pixel na Google, waɗanda ba ta hannun kamfanin sadarwa aka saye su ba, suna buɗuwa cikin sauƙi. Xiaomi ya daɗe yana sa mutum ya yi rajista sannan ya jira, sau da yawa awa 168, wato mako guda, kuma ya ƙara tsananta sharuɗɗan tun daga 2023. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa a 2018. Wayoyin Samsung da aka yi domin kasuwar Amurka sun daɗe ba sa buɗuwa, a 2025 kuma kamfanin ya cire damar buɗewar daga manhajarsa ta One UI 8. Wannan batu ya shafi masu sayen wayoyin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje ƙwarai, domin wayoyi biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya ta buɗu, ɗaya ta ƙi, gwargwadon ƙasar da aka yi kowace dominta.

Abu na biyu shi ne ainihin samfurin wayar. Ba a yin baƙuwar manhaja domin dukkan wayoyi, kowace waya da tata, saboda kowace tana da irin kayan cikinta. Sunan da ke jikin kwali kuma bai isa shaida ba. Redmi Note 4, alal misali, iri biyu ce. Akwai mai ƙwaƙwalwar kamfanin Qualcomm, wadda masu tsara manhaja ke yi wa laƙabi da mido, akwai kuma mai ƙwaƙwalwar MediaTek, wadda suke kira nikel. Wanda ya ɗora manhajar ɗaya a kan ɗaya ya jefa wayarsa cikin hali. Haka abin yake ga tabulet, inda mai ɗaukar layi da marar ɗaukar layi kan kasance da manhajoji dabam-dabam ko da sunansu ɗaya. Saboda haka lambar samfuri da ke cikin saitin waya da laƙabin nan su ne abin dogaro, kuma dole su dace harafi da harafi.

A nan akwai abin da bai yi wa mafi yawan masu waya a Nijeriya da Nijar daɗi ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, galibi ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc suke amfani da ita, kuma ba kasafai ake ganin sunayensu a jerin na'urorin da manyan baƙin manhajoji ke kula da su ba. Masu aikin sa-kai wayoyin da suke riƙe da su suke yi wa aiki, sun kuma fi karkata ga masu ƙwaƙwalwar Qualcomm saboda rubutun asalinta ya fi samuwa. Akwai wata mafita da ta samu bayan 2017, lokacin da Google ya raba Android gida biyu a ƙarƙashin shirin Treble, ya ware ɓangaren da ke magana da kayan cikin waya daga sauran. Wannan ya sa ana iya ɗora wata manhajar gama-gari, wadda ake kira GSI, a kan wayoyi masu yawa. Sai dai rigar aro ce. Takan shiga, amma sau da yawa a tarar kyamara ko na'urar karanta zanen yatsa ko ma kira sun ƙi aiki yadda ya kamata.

Sai bayan an tsallake waɗannan biyu ne ake zuwa ga tambayar wace manhaja. LineageOS ita ce ta fi yawan na'urori, ba ta da tarkace, kuma tana bin sawun Android sau da ƙafa, kamar yadda fitowarta ta 22 a ƙarshen 2024 ta ginu a kan Android 15. GrapheneOS tsaro ta sa gaba, kuma har zuwa 2025 wayoyin Pixel kaɗai take hawa, domin masu ita sun ce su ne suka cika sharuɗɗan tsaron da suke buƙata. Akwai kuma /e/OS, wadda Bafaranshen nan Gaël Duval ya assasa, domin wanda yake son rabuwa da Google amma bai shirya rasa ƙananan manhajojin da ya saba da su ba. Ban da waɗannan akwai daruruwa, waɗansu aikin mutum ɗaya ne, yau yana nan, gobe ya sayi sabuwar waya ya watsar.

Wannan ne ya sa amana ta fi ado muhimmanci wajen zaɓe. Uwar manhaja tana ganin komai, daga saƙonni da hotuna har zuwa lambobin sirrin da ake dannawa. Wanda ya ɗora wadda bai san mai ita ba ya miƙa wa baƙo makullin ɗakinsa. Abin da ake dubawa shi ne, shin rubutun asalinta a bayyane yake? Shin wadda masu manhajar suka amince da ita ce a hukumance, ko wani ne ya haɗa a gefe? Yaushe aka yi mata sabuntawar ƙarshe? Kuma waɗanne abubuwa ne masu ita suka faɗa da bakinsu cewa ba sa aiki? Baƙuwar manhajar da ta shekara ba a taɓa ta ba ba ta fi ta kamfanin da aka gudo daga gare ta da komai ba.

Ɗorawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗe butloda yana goge duk abin da ke cikin waya, kuma da gangan aka yi haka, don kada wanda ya tsinci waya ko ya sace ta ya buɗe ya karanta sirrin mai ita. Ke nan kafin komai sai an kwashe hotuna da lambobi da saƙonni an adana su a wani wuri. A cire asusun Google daga wayar, domin tun daga Android 5.1 akwai kariyar da kan kulle waya bayan an goge ta har sai an shigar da asusun da ke kanta a da. A rubuta lambar IMEI, mai alƙaluma 15, wadda ake gani idan an danna *#06#, idan da hali kuma a kwafi ɓangaren da take zaune a ciki, domin wayar da ta rasa shi ba za ta ƙara ganin sabis ba. A kuma sauko da manhajar kamfani ta asali a ajiye, ko da za a buƙaci komawa. Batir ya haura rabi, igiyar USB ta zama mai kyau. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kwamfutar tafi-da-gidanka mai caji ta fi ta tebur, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana cikin abubuwan da ke kashe waya.

Aikin kansa bai da tsawo. A cikin saiti, a wurin bayanin waya, ana taɓa inda aka rubuta "Build number" sau bakwai, sai wani ɓoyayyen sashe na masu tsara manhaja ya bayyana. A can ake kunna "OEM unlocking" da "USB debugging". Sannan a haɗa waya da kwamfuta, a yi amfani da waɗansu kayan aiki biyu na Google, adb da fastboot, a mayar da wayar matakin butloda, a ba ta umarnin buɗewa. Wayar za ta nuna gargaɗi, mai ita ya amince ta hanyar danna maɓallan gefe. Bayan haka a ɗora abin da ake kira rikobari, wato wani ɗan zauren gyara da ke aiki ba tare da uwar manhaja ta tashi ba. TWRP ita ce ta fi suna a cikinsu, kodayake LineageOS tana da tata. Daga cikin wannan zaure ne ake share tsohuwar manhaja, a turo sabuwar daga kwamfuta. Mai son manhajojin Google sai ya ɗora su nan take, kafin wayar ta yi tashin farko, idan ya bari sai daga baya abubuwa kan rikice. Tashin farko kan ɗauki mintuna da dama, ba abin tsoro ba ne.

Wannan shi ne tsarin a dunƙule, amma kowace waya da nata bambancin. Wayoyin Samsung ba sa bin fastboot, da Odin ake yi musu aiki. Masu ƙwaƙwalwar MediaTek kuma an fi sanin su da SP Flash Tool. Waɗansu manhajojin suna buƙatar a fara kai wayar wani mataki na manhajar kamfani kafin a ɗora su. Waɗansu wayoyin kuma suna da kariyar hana komawa baya, wadda kan kashe waya idan aka ɗora mata abin da ya girmi wanda ke kanta. Don haka umarnin da masu manhajar suka rubuta domin wannan samfurin shi ake bi, ba wanda aka gani ana yi wa wata waya mai kama da ita ba.

Lalacewa iri biyu ce. Akwai ƙarama, inda waya za ta riƙa kunnuwa tana mutuwa a kan tambari. Wannan tana gyaruwa ta hanyar komawa rikobari ko mayar da manhajar kamfani. Akwai kuma babba, inda aka taɓa ita kanta butloda, waya ta yi shiru kamar dutse, ko alamar caji ba ta nunawa. Ita wannan sai ƙwararren mai gyara, wani lokaci ma sai an sauya allon cikinta gaba ɗaya. An tafi neman gira an rasa ido ke nan.

Abin da Ake Rasawa

Ko aiki ya yi kyau, akwai farashin da ake biya. Wanda ya fi taɓa rayuwar yau da kullum shi ne na manhajojin kuɗi. Google yana da wani tsari mai suna Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet, da ƙananan manhajoji ke amfani da shi su tambaya ko wayar tana kan manhajar da aka amince da ita. Baƙuwar manhaja takan faɗi wannan jarrabawa, sai a tarar manhajar banki ta ƙi buɗewa. Ba dukkan bankuna ne ke yin wannan bincike ba, kuma akwai dabarun kauce masa, amma dabarun ba sa ɗorewa, yau su yi aiki gobe a toshe su. Wanda da waya ɗaya yake karɓar albashi da tura kuɗi, bai kamata ya yi gwaji da ita ba. Tsohuwar wayar da ke ajiye a aljihun tebur ita ta dace da koyo.

Kyamara ma takan ragu, domin kyan hoto ya dogara ne a kan dabarun sarrafawa da kamfani ya ɓoye, ba a kan gilashin kyamara kaɗai ba. Garanti kan faɗi a wurin kamfanoni da yawa. A wayoyin Samsung akwai wata alama ta tsarin Knox wadda takan ƙone da zarar an ɗora abin da ba na kamfani ba, kuma ba ta dawowa ko an mayar da manhajar asali, tare da ita kuma ake rasa ma'ajiyar sirri ta Secure Folder har abada.

Akwai kuma iyakar da masu ɗoki ba su cika faɗa ba. Baƙuwar manhaja tana sabunta saman gini ne kawai. A ƙarƙashinta akwai waɗansu rufaffun manhajoji da ke sarrafa sabis da Wi-Fi da Bluetooth, waɗanda kamfanin ƙwaƙwalwar waya kaɗai ke iya gyarawa. Idan ya daina, suna nan yadda suke, da kafofinsu. Saboda haka tsohuwar waya mai sabuwar baƙuwar manhaja ta fi wadda aka bari haka nan tsaro, amma ba ta kai wadda kamfaninta ke kula da ita ba. Tazarar ma ta fara sauyawa daga ɗaya ɓangaren, domin Google ya yi alkawarin sabuntawar shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma ta wajabta aƙalla shekara biyar ga wayoyi da tabulet da suka shiga kasuwarta daga 20 ga Yuni, 2025. Wayoyi masu araha da ake sayarwa a wajen Turai ba su shiga cikin wannan doka ba.

Ita kanta buɗaɗɗiyar butloda rauni ce. Bayanan da ke cikin waya a sakaye suke, ba a karanta su sai da lambar buɗe fuska, amma wanda wayar ta kwana a hannunsa zai iya sauya wani ɓangare na manhajar ya mayar da ita ba tare da mai ita ya sani ba. Wannan ne ya sa GrapheneOS ta tsara a sake kulle butloda bayan an gama, da makullin sa hannunta. Amma a yawancin wayoyi, kulle butloda alhali baƙuwar manhaja na ciki kuskure ne babba, domin mai gadin zai farka ya ga baƙuwar fuska ya hana ta tashi, ƙofar gyara kuma a rufe. Wanda ya so ya kulle, kamar mai niyyar sayar da wayar, sai ya fara mayar da manhajar kamfani cikakkiya, ya kunna ya tabbatar ta tashi lafiya, sannan ya ba da umarnin kullewa.